WA ZAI RIƘE MAKULLI?

Laccar da aka gabatar wa ɗalibanmu masu karatun harkokin kasuwanci a ranar farko ta taron shekara-shekara

 

Sakataren ƙungiya ya rubuto mini cewa in zo in yi wa ɗalibanmu na jami'o'i da kwalejojin fasaha bayani a kan wani darasi da sukan ci karo da shi a karatun kasuwanci, watau yadda ake tafiyar da harkokin masana'anta da yadda ake gudanar da manyan ayyuka. Na karɓa ba tare da gardama ba. Amma da na dubi rumfar nan na ga iyaye sun fi ɗalibai yawa, kuma mafi yawan iyayen su ne masu zuba kuɗi a asusun ƙungiya kowace shekara, sai na ga maganar ta shafe su fiye da yadda ta shafi masu jiran jarrabawa. Saboda haka zan yi ta da harshen gida, kowa ya ɗebi rabonsa.

Abu na farko da malami zai koya muku shi ne aiki iri biyu ne. Akwai aikin kullum, wanda ake maimaita shi yau da gobe ba tare da ranar gamawa ba: mai gidan burodi da ke gasawa kowace asuba, marina a Ƙofar Mata, mai injin markaɗe, ma'aikacin jinya a ɗakin shan magani. Sa'an nan akwai aiki mai wa'adi, wanda 'yan boko ke kira furojet, mai ranar farawa da ranar ƙarewa, da ƙayyadadden kuɗi, da abu guda da ake son a samar: gina ajujuwa, haƙa rijiyar burtsatse, shirya wannan taro da muke zaune a cikinsa. Gina gidan burodi aiki ne mai wa'adi, gasa burodin kuwa aikin kullum ne. Kowanne da irin hankalin da yake bukata, kuma wanda ya gwanance a ɗaya ba lallai ne ya iya ɗayan ba.

Kada ku ɗauka Turawa ne suka ƙago wannan abu. Abin da suka yi shi ne rubuta shi da sa masa lissafi. Kakanninmu fatake da ke zuwa Gwanja sayo goro, har kasuwar Salaga a ƙasar Gana ta yanzu, aiki mai wa'adi suke yi, tafiyar watanni, da ɗaruruwan mutane da jakuna. Ayari yana da madugu mai yanke hukunci, da jagaba mai wucewa gaba don sanin hanya da zango, da uban dawaki mai kula da abin da za a biya sarakunan hanya. Sun san goro kaya ne mai lalacewa, sun san lokacin da koguna ke cika. Madugun da ya yi kuskuren lissafin ranar tashi, dukiyar jama'a ce za ta salwanta, wani lokaci har da rayuka.

Rubutaccen ilimin kuwa ya soma kankama ne a Amurka a farkon ƙarni na 20. Frederick Taylor ya fitar da littafinsa kan tsara aiki bisa awo a 1911. A 1913 kamfanin Ford ya fara harhaɗa mota a kan layi mai tafiya, kowane ma'aikaci yana tsaye wuri guda aikin na zuwa gabansa, sai lokacin harhaɗa gindin mota ɗaya ya sauko daga sa'o'i sama da 12 zuwa kimanin sa'a ɗaya da rabi. Za ku haddace waɗannan sunaye don jarrabawa, ba zan tsaya a kansu ba. Abin da nake so ku fita da shi daga ɓangaren aikin kullum shi ne abin da zan kira maƙura.

Alal misali, a ce ɗayanku ya kafa ƙaramar masana'antar shinkafa a nan garin. Masu turarawa suna iya buhu 40 a rana, filin shanya yana ɗaukar buhu 25, injin casa kuma yana iya buhu 60. Buhu nawa za a fitar a rana? Buhu 25, ko da injin nan na ƙarfen Jamus ne. Filin shanya shi ne maƙura, shi ke yanke wa masana'antar gaba ɗaya hukunci. Abin da nakan gani a wurin mutanenmu, in ciniki ya buɗe, sai a ci bashi a sayo babban inji, domin inji shi ne abin da ake gani, shi ake nuna wa baƙo. Alhali daɓe wani fili da siminti da sayen tamfol, wanda bai kai kuɗin injin ko kusa ba, shi ne zai ƙara abin da ake fitarwa. Wani Bayahude masanin kimiyya, Eliyahu Goldratt, ya rubuta littafi sukutum a kan wannan batu a 1984, kuma har yau ana karanta shi a makarantun kasuwanci.

Dalar gyaɗa ta Kano, wadda muke alfahari da hotonta, ita ma labarin maƙura ce. Layin dogo ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa, attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka yi fice. Amma gyaɗa tana shigowa cikin 'yan watannin kaka, jirgin ƙasa kuwa ba ya iya kwashe ta zuwa Legas da irin wannan sauri, musamman bayan Yaƙin Duniya na Biyu da aka yi ƙarancin kawunan jirage da taragai. Sai aka riƙa jera buhuna, dala ɗaya takan ɗauki kimanin buhu 15,000, wata ta shekara tana jira ƙwari suna cin rabonsu. Dalar shaida ce ta ƙwazon manomi, ba na musu. Ga idon mai wannan ilimi kuwa dukiya ce a tsaye tana jiran jirgi.

Mafi muni shi ne abin da ya faru a tashar jiragen ruwa ta Legas a 1975. Gwamnati, da kuɗin mai a hannu, ta yi odar siminti kimanin tan miliyan 20, alhali tashar ba ta iya sauke fiye da kimanin tan miliyan ɗaya na siminti a shekara. Jirage sama da 400 suka yi cirko-cirko a teku, ana biyan su kuɗin jira kullum, simintin wasu ya daskare a ciki, kayan abinci da magani suka rasa hanyar shigowa. Ba wanda ya tsaya ya auna faɗin ƙofar kafin a tura ayari.

Za a kuma koya muku tsarin kamfanin Toyota na Japan, wanda Taiichi Ohno ya rena bayan yaƙi, inda ba a tara kaya a sito, sai dai kowane abu ya iso daidai lokacin da za a yi amfani da shi. Tsari ne mai kyau, ku fahimce shi sosai, amma ku yi hattara wajen kwafo shi. An gina shi a kan hanya mai kyau, da wutar da ba ta ɗaukewa, da mai kawo kaya da ba ya saɓa alkawari, da farashin da ba ya tsalle cikin dare. Wanda motarsa za ta kwana biyu a hanya saboda gada ta karye, in bai ajiye kaya ba, rufe shago zai yi. Karatun da bai san ƙasar da yake takawa ba yakan jefa mai shi a rami.

To, mu koma kan aiki mai wa'adi, inda ƙungiyarmu ta fi shiga. Kowane irin wannan aiki yana tsaye ne a kan duwatsun murhu uku: girman abin da za a yi, da lokaci, da kuɗi. In ka taɓa ɗaya, sauran biyun sai sun motsa. Idan an shirya ajujuwa uku, ana tsakiyar gini wani babba ya zo hutu ya ce ai kamata ya yi a ƙara ofishin hedimasta da sito, to ko dai a ƙara kuɗi, ko a ƙara lokaci, ko kuma magini ya rage siminti a bulo ba tare da ya gaya wa kowa ba. Na ukun shi ya fi faruwa. Kunyar ce wa babba a'a ta ci mana gine-gine da yawa.

Bari mu lissafa ginin ajujuwan nan tare. A ce harsashi zai ci mako 2, tayar da bango har linta mako 4, rufi mako 3, filasta da daɓe mako 3, fenti mako 1. Waɗannan a jere suke kamar ƙwayoyin tsakiya a zare, ba a yin rufi kafin bango. Jimilla mako 13. Ƙofofi da tagogi kuwa mai walda zai iya fara su tun ranar farko, mako 3 ya ishe shi, kuma ba a bukatarsu sai an gama rufi a ƙarshen mako na 9, watau yana da rarar mako 6. Kafintan benci rararsa ta fi haka. Wancan jerin na mako 13 shi ne ƙashin bayan aikin: kwana ɗaya da aka rasa a cikinsa, kwana ɗaya ne aka ƙara wa aikin duka. Shugaban kwamitin da ya san haka ba zai ɓata yini yana faɗa da mai walda ba alhali magini yana zaune babu yashi. Injiniyoyin kamfanonin DuPont da Remington Rand ne suka tsara wannan lissafi a 1957. Tun kafin su, wajen shekarun 1910, Henry Gantt ya fito da jadawalin da ake zana kowane aiki a matsayin layi a ƙarƙashin kwanaki. Ba sai da kwamfuta ba. Fallen takarda da rula sun isa, a manna a bangon ofishin ƙungiya kowa ya gani.

Wannan takardar za ta gaya muku abin da mu mazauna birni muke mancewa. In aka fara a farkon Janairu, an rufe ginin a farkon Maris, an gama a Afrilu kafin ruwa ya sauka. In kuwa alkawuran ranar gidauniya ba su shigo ba sai Yuni, rufi zai faɗo tsakiyar damina, lebura yana gona, tifa ba ta iya shiga rafi ɗebo yashi, katako yana shan ruwa. Mu a Abuja muna buga waya muna cewa mutanen gida ba sa aiki, alhali jinkirin daga aljihunmu ya faro.

Game da ƙiyasin lokaci, akwai wata dabara da sojojin ruwan Amurka suka fito da ita a 1958 lokacin aikin makamin Polaris. In ka tambayi kafinta kwana nawa rufi zai ci, zai ba ka lissafin ranar da komai ya tafi daidai. Sai ka tambaye shi sau uku: in an yi sa'a kwana nawa, a bisa al'ada kwana nawa, in abubuwa sun cakuɗe kwana nawa. A ce ya ce 10, da 14, da 30. Ka ninka na tsakiya sau 4, ka haɗa da sauran biyun, ka raba da 6, za ka sami kwana 16. Shi za ka rubuta, ba 10 ba. Kuma kada ku ɗauka mu kaɗai ke faɗa wa wannan rami. Shahararren gidan wasan nan na birnin Sidni a Ostireliya an fara shi a 1959 tun zanensa bai kammala ba, da zaton za a gama a 1963 kan dalar ƙasar miliyan 7. Ba a buɗe shi ba sai 1973, bayan ya ci miliyan 102. Hausawa sun riga sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Kuɗi ma yana da nasa lokaci. Duk wanda ya riƙe asusun gini a 2023, shekarar da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu aka kuma saki farashin naira a Yuni, ya ga yadda kuɗin ajujuwa uku ya koma na biyu yana kwance a banki. Darasin shi ne a ware kuɗin ko-ta-kwana tun a kasafi, kuma abin da ba ya lalacewa, kamar rodi da kwanon rufi, a saye shi da zarar kuɗi ya shigo. Siminti kuwa ba ya son dogon zama, in ya wuce 'yan watanni ƙarfinsa yakan ragu, sai a saye shi kashi-kashi.

Yanzu na zo kan abin da ya sa na karɓi wannan gayyata, kuma zan fara da laifin kaina. Wasu shekaru da suka wuce ina cikin kwamitin da ya haƙa rijiyar burtsatse a wata unguwa ta garin nan. Mun yi komai bisa ƙa'ida: mun gama cikin wa'adi, ba mu haura kasafi ba, aka kafa rumfuna aka yanke ƙyalle, hotonmu ya fito a mujallar nan. Na koma birni ina ganin na ci jarrabawa. Bayan wata takwas na zo ta'aziyya, sai wata tsohuwa ƙawar mahaifiyata ta tare ni a zaure ta ce, "Ɗan nan, rijiyarku fa ta mutu." Na ce, "Inna, tun yaushe?" Ta ce, "Tun kafin kaka. Jikokina sun koma tafki." Na ce, "To wa aka gaya wa?" Ta dube ni ta ce, "Wa za a gaya wa? Ku da kuka kawo ta kun tafi."

Da na bincika sai na tarar injin jawo ruwan ne ya ƙone. Kuɗin gyaransa bai kai abin da muka kashe a abinci da rumfunan ranar buki ba. Mai unguwa yana ganin rijiyar ƙungiya ce, ƙungiya tana ganin ta miƙa wa unguwa, kwamitinmu kuwa an rushe shi da godiya tun daren bukin. Makullin ɗakin injin ma sai da aka kwana biyu ana nemansa. A wannan tsakanin yara mata suna makara makaranta saboda ɗebo ruwa, kuma ruwan da suke ɗebowa kun san irinsa.

Kuskurenmu shi ne mun gama aiki mai wa'adi ba mu kafa aikin kullum da zai gaje shi ba. Rijiya ba ta ƙarewa ranar da ruwa ya fito, ranar ce rayuwarta ke farawa. Tana bukatar mai kunnawa da kashewa, da littafin shiga da fita, da mai gyara wanda aka san lambarsa, da kuɗin gyaran da aka tara tun kafin a bukace shi. A ce ana ɗiban jarka 200 a rana, kowace a kan naira 10: naira 2,000 ke nan a rana, 60,000 a wata. A biya mai kula, a ajiye saura. Na san za a ce ruwan sadaka ne, ba a sayar da sadaka, kuma ina girmama wannan magana. To sai mai sadakar ya faɗi tun farko daga wace jaka za a riƙa gyara, a rubuta, a sa hannu. Haka abin yake ga aji da ba a tanadi malami ba, da ɗakin haihuwa da ba ungozoma, da taransifoma da ba wanda ya san wa zai kai ƙara in ta lalace.

Ƙasa ma ta yi irin wannan a babban faifai. Shugaba Shehu Shagari ya aza harsashin masana'antar ƙarafa ta Ajakuta a 1980, kuma tun 1994 ake cewa an kammala kashi 98 cikin 100, amma aka shafe fiye da shekara 40 daga aza harsashin ba a hura babbar tukunyar narka ƙarfen ba. Ga mai amfani da abu, kashi 98 da ba ya aiki daidai yake da sifili. In aka karanta mana rahoto aka ce aiki ya kai kashi kaza, mu tambaya: yara sun shiga ajin ko ba su shiga ba?

Ku ɗalibai, za ku ga yawancin abokanku suna gudun wannan darasi, sun fi son ɓangaren banki da talla, domin can ake sa kwat. Wannan kuwa na masu shiga sito da tsayawa a rana ne. Ni ina ganin babu ilimin da garinmu ya fi ƙishirwarsa. Masu kuɗi muna da su, masu kyakkyawar niyya sun fi a ƙirga, injiniyoyi ma Allah ya ba mu. Wanda muka rasa shi ne mai zama da takarda ya ce kaza kafin kaza, wane ne zai yi, ran kaza, kuma bayan mun tafi wane ne zai riƙe.

Saboda haka ina roƙon shugabannin ƙungiya, ranka ya daɗe da izininka, kada a sake ƙaddamar da gidauniyar wani aiki sai an karanta wa taro shafi biyu. Na farko jadawalin aikin da kasafinsa, da sunan mutum ɗaya da za a tuhuma, ba kwamitin mutum goma sha biyar ba. Na biyu ya faɗi wanda zai riƙe makulli, da abin da tafiyar da wurin zai ci a shekara, da inda kuɗin zai fito. A haɗa kowane aiki da ɗalibai biyu daga cikin waɗannan, su rubuta shafukan, su riƙa zagayawa in sun zo hutu, su aiko da rahoto da hoto ta waya. Su sun sami wurin gwada karatunsu, mu mun sami ido a gida.

Kafin a ɗauki sabon aiki bana, ina ganin a fara zagaya tsofaffin. Gobe da ƙarfe 8 na safe zan kasance a ƙofar firamare, duk ɗalibin da ke da sha'awa ya zo da biro da littafi. Za mu bi ayyukan ƙungiya ɗaya bayan ɗaya, mu rubuta wanda ke aiki da wanda ya tsaya, da abin da zai ci a tayar da shi, mu miƙa wa sakatare kafin a rufe taro. Da rijiyar unguwar Inna za mu fara.